Daga Maraɗi zuwa kujerar matuƙi: yadda ake koyon ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da abin da yake ci

Wata Juma'a bayan la'asar muna zaune a fada a unguwar Zariya, shayi na biyu yana kan gawayi, sai wani jirgin soja mai saukar ungulu ya ratsa ta saman gari ya yi kudu. Ɗan yayata, wanda ya samu bak ɗinsa bana, ya bi shi da ido har ya ɓace, sannan ya juyo ya ce, "Kawu, don Allah nawa ake kashewa a koyi tuƙa wannan?" Na ce masa, "Wancan na gwamnati ne, kananzir yake sha, kuma ba da shi ake fara koyo ba. Wanda na koya da shi ƙarami ne mai kujera biyu, amma awa guda cikinsa tare da malami tana iya cin jika ɗari uku." Fada ta yi tsit, don da jika ɗari uku wani ke kafa sana'a. Washegari yaron ya same ni a gida da littafi da biro, ya ce shi dai in faɗa masa komai daga farko. Abin da na faɗa masa shi ne nake rubutawa a nan, kuma a jeren da na faɗa, saboda a wannan harka yawancin asarar da na gani ta zo ne daga yin abin da ya kamata a yi na huɗu kafin na ɗaya.

Jirgin da muke magana a kansa

Helikwafta iri biyu ce ta fuskar inji. Akwai mai injin turbin, irin su Mi-17 da Gazelle na sojan sama, wadda ke shan kananzir ɗin jirgi da ake kira Jet A-1. Akwai kuma mai injin fistin, wanda duk bakaniken da ke Sabon Gari zai gane shi da kallo ɗaya: silinda, fistin, buji, kafireta. Bambancinsa da na mota shi ne iska ke sanyaya shi, kuma kowace silinda buji biyu gare ta, da maganeto biyu masu ba buji wuta, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Mai fistin ya fi araha nesa ba kusa ba, shi ya sa kusan duk farar hula da shi ke fara koyo.

Wanda ya fi yawa a makarantu shi ne Robinson R22. Frank Robinson ya kafa kamfanin a 1973 a jihar Kaliforniya ta Amurka, aka ba R22 takardar amincewa a 1979. Kujera biyu, injin Lycoming mai silinda huɗu, kuma duk nauyin da aka yarda ya tashi da shi, da jirgin da mai da mutane, kilo 622 ne. Ƙanensa R44, wanda ya fi shi girma, ya samu amincewa a 1992, kujera huɗu, silinda shida. Sai Cabri G2 na Bruno Guimbal da ake ƙerawa a kudancin Faransa, wanda ya samu amincewa a 2007, da tsohon hannu Schweizer 300 wanda sojan Amurka suka daɗe suna horar da matuƙa da irinsa. In aljihu zai ɗauka, ni Cabri nake fifita wa ɗalibi, don farfelarsa mai fiffike uku ta fi haƙuri da kuskuren sabon hannu. Amma R22 ya fi samuwa, ya fi sauƙin kuɗi, kuma wanda ya iya shi da kyau hannunsa ya kan yi laushi.

Mataki na farko: likita, kafin ka ba kowa ko dala

Lasisin tuƙi ba ya aiki sai da takardar lafiya daga likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi, ba kowane likita ba. Mai son tuƙi don kansa takardar aji na biyu ta ishe shi. Mai son ya ci abinci da tuƙi sai aji na ɗaya, wadda ake sabuntawa duk shekara. Shawarata ita ce, in dai sana'a kake nema, ka je aji na ɗaya tun ranar farko. Ana duba ido da bambance launi, ana duba ji, zuciya, hawan jini, sukari, ana kuma duba jini, har da batun sikila da ta yi yawa a ƙasarmu. Tabarau ba ya hana mutum, muddin yana gyara gani yadda ake so. Amma akwai wanda bai taɓa sanin ba ya rarrabe ja da kore sosai ba sai ranar da aka buɗe masa littafin ɗigo-ɗigo na gwajin launi. Gara ya sani yana da kuɗinsa a hannu, da ya sani bayan an sayar da fili.

A nan Nijar hukumar da ke riƙe da wannan ita ce ANAC, a Yamai. Ita za ka tambaya sunayen likitocin da ta yarda da su. Sai dai ka sani ƙasar da za ka yi karatu za ta nemi tata takardar daga nata likitan. Gwajin gida don ka san matsayinka ne kafin ka sayi tikiti.

Ka hau sikeli kuma. Kujerar R22 ba ta ɗaukar fiye da kilo 109, har da kayan da ke ƙarƙashinta. Jirgin babu komai a ciki yana wajen kilo 400, cikakken mai ya kai kilo 70 da ɗoriya, abin da ya rage wa mutum biyu kuwa bai wuce kilo 150 ba. Ƙato biyu masu kilo 85 kowanne dole su rage mai. Mai jiki sosai sai ya koma R44, wanda awarsa ta kusa ninka ta R22.

Mataki na biyu: Ingilishi da littafi

Mu da muka yi lakwal da Faransanci nan ne muke shan wuya. Ƙungiyar ICAO, mai tsara dokokin jiragen sama na duniya, ta ɗora wa matuƙin da zai yi aiki tsakanin ƙasashe sharaɗin Ingilishi mataki na 4 cikin 6. Ba Ingilishin adabi ake nema ba. So ake ka ji abin da mai hasumiya, wato mai ba jirage umarni a filin jirgi, ya faɗa cikin rediyo mai ƙara, da sauri, ka maimaita masa daidai, hannayenka biyu da ƙafafunka biyu duk suna aiki. Ɗalibin da ke fassara a ransa kafin ya amsa, yana yin haka ne a kan jika biyar kowane minti. Ka koyi Ingilishinka a Maraɗi inda yake da araha. Katsina tana nan kusa, rediyo yana nan, ana kuma samun muryoyin hasumiyoyin filayen jirgi a intanet ka yi ta saurare.

Karatun ƙasa ma tun a gida ake fara shi. A tsarin Turai darussa tara ne ga ƙaramin lasisi: dokar sama, yanayi, sanin hanya, sadarwa, ilimin tashi, sanin jirgi, lissafin nauyi da tsara tafiya, ƙa'idojin aiki, da iyakar jikin ɗan Adam. Ana cin jarrabawa da 75 cikin ɗari. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta sa littafinta na tuƙin helikwafta a intanet kyauta. Wanda ya iya lissafi da fizik na matakin bak ba abin da zai gagare shi.

Mataki na uku: wane lasisi, a wace ƙasa

Ƙaramin lasisi, PPL, yana ba ka damar tuƙi da ɗaukar ƴan'uwa da abokai amma ba a biyanka. Ana samunsa daga shekara 17. Babban, CPL, shi ne na sana'a, daga shekara 18. Mafi ƙarancin awa ga PPL a Amurka 40 ne, a Turai 45, a Afirka ta Kudu 50. Ga CPL, Amurka tana neman 150, Turai 185 ga wanda ya bi mataki-mataki, Afirka ta Kudu 200. Kada waɗannan lambobin su ruɗe ka. Mafi ƙaranci ne doka ta faɗa. Yawancin ɗalibai sai sun kai awa 60 ko 70 kafin su shirya jarrabawar PPL, don haka da wannan za ka yi lissafinka.

Mutane da yawa suna ce mini ai akwai makarantar jirgi a Yamai. Wannan makaranta, EAMAC, ta ASECNA ce, hukumar kula da zirga-zirgar sama ta ƙasashen Afirka da dama. Makaranta ce mai daraja, amma masu kula da zirga-zirgar sama, masana yanayi da injiniyoyi take fitarwa, ba matuƙa ba. Kwalejin Zariya ta Najeriya, wadda aka kafa a 1964, ita ce sananniyar makarantar matuƙa mafi kusa da mu, kuma da jirage masu fiffike ta yi suna. Mai neman ƙaramar helikwafta mai fistin yawanci sai ya yi nisa: Afirka ta Kudu, Amurka, Kanada ko Turai. Biza ta yi tsauri a shekarun nan ga mai fasfo ɗinmu, saboda haka ka tabbatar da ita kafin ka aika ko sisi. Ni a Afirka ta Kudu na yi, kuma abin da ya fi amfanar da ni can shi ne tsayin ƙasar. Yankin Johanasbag yana kan wajen mita 1,700, iskarsa sirara ce, jirgi ba ya da ƙarfin wasa. Za mu ga dalilin da ya sa wannan ya shafi ɗan Maraɗi.

Akwai kuma hanyar soja ga wanda ya ci gasar shiga, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin horo. Wannan rayuwa ce sukutum mutum ke zaɓa, ba hanyar samun lasisi kyauta ba.

Mataki na huɗu: makaranta, da yadda za ka biya ta

A nan na ƙone, shi ya sa nake jan kunne. Na biya rabin kuɗin karatuna gaba ɗaya saboda an yi mini ragi. Makarantar jirage biyu gare ta. Ina awa ta 14, hannuna ya fara zama, sai ɗaya ya shiga babban gyara, ɗayan kuma ɗalibai takwas muke layi a kansa. Na yi mako biyar ban tashi ba, ina biyan haya, ina cin abinci. Da na koma, abin da na iya ya zube, sai da na sake sayen awa huɗu don in dawo inda nake. Kuɗina kuma suna hannunsu, ba halin in koma wani wuri.

Don haka ka tambayi makaranta jirage nawa gare ta masu tashi yau, ba masu hoto a intanet ba. Malamai nawa, ɗalibai nawa. Su wa ke gyara, a nan filin ko sai an kai wani gari. Farashin awa ya haɗa da mai, da malami, da kuɗin sauka, da haraji, ko kowanne daban. Agogon awa yana fara ƙirga ne daga tayar da inji ko daga barin ƙasa. In jirgi ya lalace a hannunka, nawa inshora ke barin maka ka biya. Ka nemi yin magana da ɗaliban da ke ciki ba tare da mai makaranta yana tsaye ba. Sannan ka biya awa goma-goma, ko da ragin zai wuce ka. Ka fara da tashin gwaji na rabin awa, don akwai wanda zuciyarsa ke tashi da zarar ƙasa ta yi nisa.

Kada kuma ka fara sai kuɗin PPL sun cika a ajiye. Tashi uku ko huɗu a mako shi ke sa abu ya zauna a jiki. Mai tashi sau ɗaya a wata, yana jiran a turo masa daga gida, rabin kowace awa tuna baya yake yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyar: cikin jirgin

Matuƙi a dama yake zama. Hannun dama yana kan sandar da ake kira siklik, wadda ke karkata farfela gaba, baya ko gefe, jirgi ya bi. Hannun hagu yana kan kolektif, sanda ce a gefen kujera kamar birkin hannu na mota. In ka ɗaga ta duk fikafikan farfela suna ƙara cizon iska, jirgi ya hau, inji ya ƙara aiki. A bakinta akwai totur irin na babur, ko da yake akwai na'urar da ke daidaita shi. Ƙafafu suna kan feda biyu masu sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya. Tunda inji yana juya babbar farfela gefe guda, gangar jirgin tana son juyawa ɗaya gefen, wutsiya ce ke hana ta. A Robinson, ƙarin ƙarfi yana neman fedar hagu. A Cabri, da yake farfelarsa juyin agogo take yi, fedar dama yake nema. Ka taɓa ɗaya cikin ukun nan, sauran biyun sai sun nemi gyara.

Abu mafi wuya shi ne tsayuwa cak a iska, mita ɗaya daga ƙasa. Malamina ya kai ni tsakiyar wani fili da ya fi filin ƙwallo girma, ya ba ni feda kaɗai, sai kolektif kaɗai, sai siklik kaɗai. Da ya haɗa mini duka, cikin daƙiƙa biyar jirgin ya fara lilo kamar guga a bakin rijiya, kowane gyara da na yi yana ƙara shi. Ya karɓa, jirgin ya tsaya kamar an dasa. Ya ce in dubi hannuna. Yatsuna sun yi fari don matsa. Ya sa na ɗora damtsena a kan cinya, na riƙe sandar da yatsu uku, na daina kallon ciyawar da ke gabana, na kai idona can kan wata bishiya mai nisa. Ya ce kada in tura sandar, in yi niyyar turawa kawai. A awa ta tara abin ya zo, ba tare da na san lokacin da ya zo ba. Yawancin mutane tsakanin awa biyar zuwa goma sha biyar suke samunsa, kuma jinkiri a nan ba ya nuna komai game da irin matuƙin da mutum zai zama.

Daga nan sai tashi da sauka da zagayen fili. Za ka ji wani abu mai daɗi: da jirgi ya kai gudun kilomita 30 zuwa 45 a awa, sai ya ɗan girgiza, farfela ta shiga iska mai tsabta, ya samu ƙarin ɗagawa kyauta.

Sai darasin da kowa ke tambaya: in inji ya mutu fa? Jirgin ba ya faɗowa kamar dutse. Farfela tana rabuwa da inji da kanta, kamar yadda tayar keke ke ci gaba da juyawa bayan ka daina taka feda. In ka sauke kolektif nan take, iskar da ke busowa daga ƙasa yayin da kake gangarowa ita ke ci gaba da juya farfela. A R22 kana riƙe gudun wajen kilomita 120 a awa, kana sauka kusan mita 450 a minti, dab da ƙasa ka ɗaga hanci ka rage gudu, ka daidaita, ka ja kolektif ka sauka. Sharaɗin shi ne "nan take". Farfelar R22 ba ta da nauyi, abin da kake da shi bai kai daƙiƙa biyu ba. Shi ya sa ake maimaita wannan darasi har hannu ya riga tunani.

Abubuwa biyu suka fi kashe mutane a wannan jirgi, har hukumar Amurka ta kafa doka ta musamman a 1995, SFAR 73, kan horon R22 da R44, wadda ta ce sai ɗalibi ya yi awa 20 da malami kafin ya tashi shi kaɗai a R22. Na ɗaya, raguwar juyin farfela. Da ya sauko zuwa 97 cikin ɗari ƙaho yana kuka, fitila ta kama, magani kuma shi ne sauke kolektif da ƙara totur lokaci guda, ko da ranka yana ce maka ka ja sama. Na biyu, tura siklik gaba da ƙarfi bayan hawa, har ka ji jikinka ya yi sakayau a kujera. A wannan hali jirgin yana iya mirginawa dama, in ka fizge shi hagu kan farfela yana dukan sandar da ke riƙe da shi, tana iya karyewa a sama. Abin yi shi ne ka ja siklik baya a hankali har nauyi ya dawo, sannan ka gyara mirginar. Ba a gwada wannan don burge kowa, ko sau ɗaya.

Bayan tashin kaɗaici na farko sai tafiye-tafiye tsakanin garuruwa. A tsarin Turai akwai tafiyar kilomita 185 kai kaɗai, da sauka a filaye biyu ban da wanda ka taso, sannan jarrabawa da mai gwaji.

Lissafin kuɗi

Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka da shi lissafi ya fi sauƙi. Awar R22 da malami tana kamawa daga wajen yuro 300 zuwa 500, gwargwadon ƙasa da makaranta. A ce an ce maka 450, wato kusan jika 295. Awa 45 ta doka za ta ci sefa miliyan 13 da ɗoriya. Awa 60 ta gaskiya za ta ci kusan miliyan 18. Ka ɗora likita, jarrabawa, littattafai, abin sawa a kunne, tikiti, biza, haya da abinci na wata huɗu zuwa shida. Awa 185 ta CPL a wannan farashi ta haura miliyan 54, ko da yake awoyin da za ka yi ba malami sun ɗan fi sauƙi.

Ga kuma abin da makarantu ba sa gaggawar faɗa. Mai CPL da awa 200 bai zama wanda kamfanoni ke rububi ba. Masu kai ma'aikata rijiyoyin mai a tekun Najeriya manyan jirage masu turbin biyu suke amfani da su, suna neman takardar tuƙi da na'ura cikin gajimare, da horon irin jirgin, kuma ayyuka da yawa sai mai awa dubu. Hanyar da aka fi bi ita ce mutum ya ƙara takardar malanta, ya koyar shekara biyu ko uku yana tara awa a kan ƙaramin albashi. Iyalin da za su haɗa wa yaro kuɗi su san wannan tun farko, don kada a zuba ido ga riba a shekarar da ya dawo.

In ka dawo gida, ko Alhaji ya ce zai saya

Lasisin wata ƙasa ba ya ba ka damar tuƙa jirgi mai rajistar Nijar, mai lamba 5U, sai ANAC ta inganta shi ko ta musanya shi. Sauka a wajen filin jirgi kuma, a halin tsaron da ake ciki, sai da izinin hukuma a rubuce.

Wani ɗan kasuwa ya taɓa kirana ya ce, "Malam, na gaji da hanyar Yamai, in sayi mai kujera huɗun nan mana?" Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, mu yi lissafi tukuna." Sabon R44 ya haura dalar Amurka dubu 500. Yamai ta mota wajen kilomita 660 ce, ta sama kusan 540. R44 yana gudun kusan kilomita 200 a awa, yana shan lita 55 zuwa 60, tankinsa kuma na awa uku ne. Wato zai isa Yamai da tanki kusan a bushe, abin da ba matuƙin kirki da zai yarda da shi. Dole a tsaya a hanya, wajen Ƙonni, kuma dole mai yana jira a can. Damagaram, mai kusan kilomita 200, ita ce irin tafiyarsa.

Man shi ne babbar matsala. Avgas 100LL yake sha, fetur ne na musamman mai launin shuɗi, kuma a yankinmu kananzir ɗin manyan jirage ya fi shi samuwa nesa. Sai an yi odarsa a duro, a ajiye a inuwa, a tace, a duba ruwa a ciki kafin kowane tashi. Man kwalba na bakin titi kuwa ko kusa da jirgin kada ya zo.

Sai gyara. Ana canza baƙin mai duk awa 50, ana bincike duk awa 100 da duk shekara, a hannun injiniya mai lasisi. Robinson kuma yana da wa'adi: awa 2,200 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa, sai an kwance jirgin an sabunta shi. A ce wannan aiki zai ci dalar Amurka dubu 250. Makarantar da ta cinye awoyinta duka, kowace awa ta ɗauki dala 114. Alhajin da ke tashi awa 50 a shekara zai kai shekara 12 da awa 600 kacal, kowace awa ta ɗauki sama da dala 400, ban da mai, inshora, rumfa da albashin matuƙi. Jirgin yana cin kuɗi ko yana ajiye. Haka in ka ga tsohon R22 da araha, tambayar farko ita ce awa nawa da shekara nawa suka rage masa.

Yanayinmu ma sai an koye shi daban. Filin jirgin Maraɗi yana kan wajen mita 380. Amma da azahar a watan Afrilu, zafi ya kai 42, iska tana sirancewa har jirgi ya ji kamar yana kan dutse mai mita 1,450. Inji ya rage ƙarfi, farfela ta rage cizo. Nauyin da ka ɗaga cikin sauƙi da hantsi a Janairu zai iya sa ƙaho kuka a bazara. Ka buɗe jadawalin da ke littafin jirgin kowace rana, ka tashi da sassafe, in lissafi bai ba da ba ka rage mai ko ka rage mutum. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da hunturu hazo yana rufe gari har ka rasa inda sama ta rabu da ƙasa, waɗannan jirage kuwa da ido ake tuƙa su. Da damina hadari yana tasowa daga gabas da bangon ƙura a gabansa, ba a tsere da shi, sauka ake yi a ɗaure fikafikai. Damshin damina yana iya sa ƙanƙara ta taru a kafireta ko da ana zafi a waje, don haka ba a mantawa da maɓallin ɗumama ta. Rairayi yana cin fentin bakin fikafikai yana toshe matatar iska, sai an riƙa dubawa fiye da yadda ake yi a ƙasashe masu ciyawa. Jikinka ma jirgi ne: ba a tashi da zazzaɓin cizon sauro, ba a shan sabon magani sai an tambayi likitan jirgi, da azumi kuma ka sa tashinka bayan asuba kafin ƙishi ya taɓa hankali.

Ranar da za ka sauka a wani gari, a ce wajen Tibiri ko Madarumfa, ka tura mutum tun jiya. Ya zaɓi fili mai tauri nesa da zana, rumbu da rufin kwano, ya tsince ledoji, ya yayyafa ruwa sosai, don ƙurar da farfela ke tayarwa tana iya makantar da kai a mita biyun ƙarshe. Ya duba wayoyin lantarki ya faɗa maka inda suke, don daga sama turakun ake gani, wayar ba a ganinta. A kore dabbobi. A samu dattawa su tsayar da yara nesa, a gaya musu ba mai matsowa sai farfela ta tsaya cak kuma ka yi alama da hannu. Wanda zai shiga ya zo ta gaba inda kake ganinsa, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya tattare babbar riga, mace ta ɗaure mayafinta. In iska ta ɗauke wa wani abu, ya bar shi ya tafi. Ta bayan jirgi kuwa, inda farfelar wutsiya ke juyi har ido ba ya ganinta, a sa mutum guda ya tsaya daga nesa, aikinsa kawai ya hana kowa bi ta nan.